Ƙafa, Bas ko Jirgin Ƙasa: Yadda Alhaji Zai Raba Ƙarfinsa Daga Madina Zuwa Jamra

Kakana da ƙafa ya baro ƙasar Kano, shi da kakata da jaki guda. Sun bi ta Maiduguri, suka tsallaka Fort Lamy da ake kira Njamena a yau, suka miƙa ta Abeche da Junaina da Fashir har Ubayyid. Damina uku suka yi a hanya, suna noma suna tsintar auduga a yankin Jazira na Sudan don haɗa kuɗin jirgin ruwa, kafin su haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Hanyar da mutanenmu da yawa suka bi ke nan, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Sudan. A Makka aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, wajen Shara Mansur, kuma na yi shekaru ina aikin tafinta a tantunan alhazan Afirka a lokacin Hajji. Shi ya sa duk wanda ya zo daga gida ya ce yana son yin aikin Hajjinsa da ƙafa, ba na ɗaukar maganarsa da wasa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, haka ya faɗa mini a waya tun kafin a fara jigilar maniyyata. "Ɗana, ni manomi ne, gonata ta fi kilomita biyar daga gida, kullum a ƙasa nake zuwa. Ba zan zo ɗakin Allah in zauna a mota ba." Na ce masa, "Kawu, ƙarfinka ban yi shakkarsa ba. Amma bari mu yi lissafi tukuna, zango zango." Abin da na lissafa masa shi ne nake son in shimfiɗa a nan, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya raba tafiyar kakana da ta alhajin yau shi ne lokaci. Shi lokaci nasa ne. Yana tashi da asuba, hantsi na yi ya nemi inuwa ya yada zango, sai la'asar sakaliya ya sake ɗaura kaya. Alhaji kuwa daga takwas ga Zulhajji zuwa sha biyu ko sha uku, kowane aiki da wurinsa da sa'arsa, kuma mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi ne ke neman wuri guda a sa'a guda. A 2024 alhazai 1,833,164 aka ƙirga.

Mu fara da doguwar, wato Madina zuwa Makka, kusan kilomita 450. Wannan babu maganar ƙafa, tsakanin bas ne da jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018. Jirgin yana kaiwa gudun kilomita 300 a awa, cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka kana Makka, da sanyi, da bayi, da kujerarka mai lamba. Bas kan ci awa biyar zuwa shida a ranar da hanya ta yi kyau, a lokacin Hajji kuma da tsaye-tsayen shingen bincike yakan wuce haka nesa. In aka tsaya nan sai a ce jirgi ya gama magana, amma akwai abu uku da ya kamata a duba. Bas yana ɗaukar mutum daga ƙofar masaukinsa ya ajiye shi a ƙofar wani masaukin, jirgi kuwa daga tasha zuwa tasha ne: tashar Madina tana da tazara daga Masallacin Annabi, ta Makka kuma tana Rusaifa, dole a nemi tasi gaba da baya. Na biyu kaya. Jirgi babbar jaka ɗaya yake karɓa mai nauyin kilo 25 da ƙaramar ta hannu, alhali mun san yadda mutanenmu ke barin Madina da dabino da tsaraba. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne miƙati. Bas yana tsayawa a Zul Hulaifa, wadda ake kira Abyar Ali, a yi wanka a ɗaura harami a yi nafila a tsanake, malamin ayari yana tsaye yana gyara wa mutane niyya. Jirgi ba ya tsayawa a can. Sai mutum ya shiga da haraminsa a jiki, ya kasa kunne, domin mintuna kaɗan bayan tashi ake ratsa miƙatin.

Alhajin da ya zo ta hukumar jiharsa galibi an riga an yanke masa, bas ne. 'Yan jirgin yawo da masu Umara su ke da zaɓi. A ganina mai ciwon baya, da mai ciwon suga da ke yawan zagayawa, da mace mai goyo, jirgi ya fi musu. Wanda kuma wannan ne zuwansa na farko, bai taɓa ɗaura harami ba, ya bi bas tare da malaminsa ko da zai daɗe a hanya.

Yanzu ga inda lissafin ya fi tsauri. Daga Harami zuwa tantunan Mina kilomita bakwai ne zuwa takwas. Daga Mina zuwa Arfa wajen sha huɗu. Daga Arfa a dawo Muzdalifa takwas zuwa tara. Daga Muzdalifa zuwa wajen jifa biyar zuwa shida, ya danganta da inda mutum ya kwana. Daga Jamra zuwa Harami ta hanyar 'yan ƙafa da ta ratsa cikin dutse wajen biyar. Lafiyayyen mutum a hanyar da ba kowa yana cin kilomita huɗu zuwa biyar a awa. A cikin taron Hajji ni biyu da rabi nake lissafa wa mutum, in akwai tsoho ko mace mai nauyin jiki a cikin ayari kuma biyu, domin ayari da takun mai rauninsa yake tafiya. Sai a ƙara layin bayi, da tsayawa shan ruwa, da inda askarawa suka tare hanya suka karkatar da jama'a ta wani zagaye.

Abin da maniyyata da yawa ba su sani ba shi ne, ko wanda ya hau duk motar da aka tanadar masa ba zai tsira daga tafiyar ƙasa ba. Tantunan mutanenmu sau da yawa suna can ciki, kilomita uku ko huɗu daga Jamra, zuwa da dawowa shida zuwa takwas ke nan, kuma kwana uku ko huɗu a jere ake yin haka. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai kusan kilomita uku ne. Ɗawafi a ƙasa kusa da Ka'aba bai fi kilomita ɗaya da wani abu ba, amma in cunkoso ya tura mutum bene ko saman rufi sai ya ninka sau uku ko huɗu. A haɗa duka, mai hawa mota ma zai taka kilomita talatin ko kusa da haka. Wannan bashi ne da yake kan kowa tun kafin ya ƙara ko taku ɗaya na ganin dama.

Jirgin ƙasa na Masha'ir shi ne abin da kowa ke hange daga tanti yana sha'awa. An buɗe shi a 2010, tsawon layinsa kilomita 18, tasha tara: uku a Arfa, uku a Muzdalifa, uku a Mina, ta ƙarshe tana manne da gadar Jamra. Kowane jirgi na kwasar mutum kusan 3,000, layin kuma na iya jigilar 72,000 a awa guda. Daga Mina zuwa Arfa kimanin minti ashirin ne. Sai dai ba abin da mutum zai tashi da safe ya ce yau shi zan hau ba ne. An raba shi tun kafin Hajji bisa ga inda tantin mutum yake da yarjejeniyar da hukumarsa ko kamfaninsa ya ƙulla, kuma a ƙofa ana duba shaida. Ko wanda ya samu, minti ashirin ɗin nan na zaman cikin jirgi ne kawai. Akwai takawa zuwa tasha, akwai hawan gada, akwai jira a cikin shinge har a kira rukuninku, wanda a daren barin Arfa yakan kai awanni. Duk da haka in an tambaye ni, ga tsoho babu kamar jirgi, saboda ba ya maƙalewa a hanya. Wanda zai biya kujerar kamfani ya tambaya tun a gida, baki da baki, ko tantinsu na kan layin jirgi.

Mafi yawan alhazan ƙasashenmu bas ake ɗibar su, a tsarin kai da komo: motoci ƙalilan a hanyar da aka keɓe musu, su kai rukunin farko su dawo su ɗauki na biyu da na uku. Alherinsa shi ne sanyi, da zama tare da jama'arka, da sauke ka daidai tantin da aka rubuta maka. Aibinsa jira, da rashin sanin ko kai na farko ne ko na ƙarshe. Ƙafa kuma alherinta shi ne lokaci na hannunka, ba ka jiran direba. An gyara hanyar 'yan ƙafa daga Arfa ta ratsa Muzdalifa zuwa Mina, da fitilu, da famfunan ruwa, da turakun da ke feso raɓa, wasu wurare ma an shafe kwaltar da farin fenti don rage zafi. Amma ƙafa tana raba mutum da ayarinsa, kuma tana cin ƙarfin da zai buƙata gobe.

Zangon farko da na biyu ba na jayayya a kansu. Daga Makka zuwa Mina, daga Mina zuwa Arfa, a hau mota. Wanda ya taka kilomita sha huɗu zuwa Arfa zai ci awa biyar ko shida, rana za ta same shi a fili, sannan ya shiga neman tantinsa a cikin dubban tantuna masu kama ɗaya. Ya isa a galabaice, ya kwanta barci daidai lokacin da ya baro ƙasarsa dominsa, wato bayan zawali zuwa faɗuwar rana. Ranar Arfa ta addu'a ce, duk abin da zai cinye wannan yammacin asara ne. Haka ma fita da rana tsaka zuwa Jabalur Rahma ko Masallacin Namira. Arfa duk wurin tsayuwa ce, tantinka ma Arfa ne, ɓangaren gaba na masallacin Namira ma ba ya cikin iyakar Arfa. A Hajjin 2024 zafi ya kai maki 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari marasa izinin Hajji ne da suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. Daga nan aka ƙara matsa wa kowa ya zauna a tantinsa daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, ya riƙe katin Nusuk, wato katin shaidar izinin Hajji, a wuyansa, ya bi abin hawan da aka tsara masa.

Zangon da ake iya yin muhawara a kansa shi ne Arfa zuwa Muzdalifa. Rana ta faɗi, zafi ya sassauta, kowa yana son fita lokaci guda. A nan ne kaɗai ƙafa takan riga mota. Matashi mai lafiya da ba ya ɗauke da komai sai tabarmar roba da gorar ruwa zai isa cikin awa uku, ya haɗa Magariba da Isha, ya tsinci tsakuwarsa, ya samu barcin awa huɗu. Wanda ya faɗa rukunin ƙarshe na bas yana iya kaiwa tsakar dare bai bar Arfa ba.

Wata shekara ina tare da rukunin ƙarshe. Akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, tana zaune kan jakarta a bakin titi, carbi a hannu, ƙafafunta sun kumbura har igiyar silifas ta nutse a cikin naman. Ɗanta ya gaji da jira, ya zo ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ko mu taka? Ga mutane can suna ta wucewa." Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, in na taka yau, wa zai taka mini gobe?" Motarsu ba ta zo ba sai wajen sha ɗaya da rabi. Sun sauka Muzdalifa, suka yi sallah, ta ɗan miƙe ƙafa a kan kwali, aka wuce da su Mina cikin dare tare da raunana. Washegari da yamma na gan ta a hanyar Jamra tana takawa da ƙafarta, tana riƙe da gefen haramin ɗanta.

Shari'a ma ta buɗe mata wannan ƙofar. A mazhabar Malikiyya wajibin Muzdalifa shi ne a sauka gwargwadon sauke kaya da ɗan hutawa, kwana har asuba sunna ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Nana Sauda da raunanan iyalinsa izinin wucewa Mina da dare. A mazhabar kuma rukunin tsayuwar Arfa shi ne kasancewa a cikinta wani ɗan lokaci bayan faɗuwar rana, don haka mai niyyar takawa kada ɗokin riga jama'a ya sa ya tsallake allunan iyaka kafin Magariba. Duk mai son taka wannan zango ya sanar da shugaban tantinsa, kada ya tafi shi kaɗai, kuma in askarawa sun ce a bana ba a bin nan, ya koma layin mota ba gardama.

Daga Muzdalifa zuwa Mina da asuba, ga mai lafiya, ƙafa ta fi. Hanyar gajeriya ce, gari da sauran sanyi, motoci kuma a wannan safiyar sukan cushe. A Wadi Muhassar, kwarin da ke tsakanin Muzdalifa da Mina, a ɗan ɗaga ƙafa kamar yadda sunna ta nuna. Shawarata ita ce a fara biyawa tanti, a ajiye kaya, a karya kumallo, a jira lokacin da aka rubuta wa tantinku na zuwa jifa.

Wannan jadawalin jifa ba ƙa'idar banza ba ce, da rayuka aka saye shi. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a ramin Mu'aisim, wata hanyar 'yan ƙafa da ta ratsa cikin dutse a Mina. Ranar 24 ga Satumba 2015, da safiyar Sallah, ayari biyu suka yi karo a mahaɗar titi na 204 da na 223 a Mina, Najeriya ta rasa ɗaruruwan alhazai, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Ita gadar Jamra hawa biyar ce, tana iya ɗaukar mutum 300,000 a awa, hanyar shiga daban ta fita daban. Haɗarin yana kan titunan da ke kaiwa gare ta, wurin da wani zai ce bari in yanke ta nan, ko ya juyo ya fuskanci masu tahowa. Kuma saboda hanyar fita daban take, dawowa tanti takan fi zuwa tsawo. A sa wannan a lissafi.

Ranar goma ga wata ita ce mai karya mutane. Wanda ya ce sai ya gama komai a ranar, ga abin da ke gabansa: Muzdalifa zuwa tanti, tanti zuwa Jamra, Jamra zuwa Harami, ɗawafi da sa'ayi, sannan ya komo Mina ya kwana. Ya haura kilomita ashirin, bayan daren da bai yi barcin kirki ba. Motocin da ke kai mutane Harami daga masauki sukan dakata a waɗannan ranaku, tasi ta yi wuya ta yi tsada, kuma sau da yawa direba zai sauke ka a unguwar Aziziyya ne inda aka tare hanya, ka ƙarasa da ƙafa. Masu babur da ke yi wa mutane tayi a bakin rami ban yarda da su ba ko kaɗan, na ga harami ya naɗe a ƙafar babur. Mafita tana cikin fiƙihu. Ɗawafin Ifada yin sa ranar Sallah shi ya fi falala, amma a Malikiyya ana iya jinkirta shi cikin watan Zulhajji ba tare da wani abu ya hau kan mutum ba. Tsoho da mai rauni su yi jifan Aƙaba, a yi aski, su koma tanti su huta, in an sauko daga Mina ranar sha biyu ko sha uku sai su yi ɗawafinsu daga masauki. A cikin Harami akwai keken turawa da motocin lantarki na haya ga wanda ƙafa ta gaza. Kowa dai ya zauna da malamin ayarinsa a kan wannan tun yana Madina.

Da na zo nan Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "To ladan tafiyar fa?" Na karanta masa aya ta 27 a Suratul Hajji, inda Allah ya ambaci masu zuwa da ƙafa da masu zuwa a kan raƙuma tare. Na tuna masa cewa Manzon Allah a kan taguwarsa Ƙaswa ya yi Hajjin bankwana, yana barin Arfa yana yi wa mutane nuni da hannu su natsu, kuma Imamu Malik yana ganin hawa ya fi. Akwai kuma hadisin Anas a Buhari da Muslim, na tsohon da aka gani 'ya'yansa biyu sun tallafo shi saboda ya yi bakancen takawa, Annabi ya ce Allah ba ya buƙatar wannan ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke kayar da mai ƙarfi. Kada a sa sabon takalmi a Mina, wanda za a yi aiki da shi a fara taka shi tun a gida, wata guda ana zagaya gari da shi bayan asuba. A riƙe na biyu a jaka, domin kwaltar Mina da azahar tana saɓule tafin ƙafa. Maza su shafa man da ba shi da ƙamshi a matsematsi, rashin wando a cikin harami yana sa cinya ta goge har mutum ya kasa taku. Lema fara, gorar ruwa da za a riƙa cikawa a hanya, ƙullin gishiri da sukari na kemis, da lambar tanti da ta titi a rubuce a takarda, saboda waya tana mutuwa.

Kawu ya hau bas zuwa Mina, ya hau zuwa Arfa. Da rana ta faɗi ya taka zuwa Muzdalifa tare da samari huɗu na ƙaramar hukumarsu da izinin shugabansu, da asuba ya taka zuwa tanti. Ifada ya bar ta sai ranar sha uku da dare. Da na je gaishe shi a masaukinsu na Misfala na tarar ya tsoma ƙafafunsa a robar ruwan ɗumi, bororo ɗaya ne tak a ɗan yatsansa na hagu. Ya ce in kawo masa biro da takarda, yana so ya rubuta zangon nan yadda muka lissafa, akwai maƙwabcinsa da ya biya kuɗin kujerar baɗi.